Juma'ar da Na Hana Yayana Dabino

Ban yi makaranta ba, kuma ba ni da yawan magana, kun sani. Wannan faɗa na yi aka rubuta, na ce kada a gyara mini komai. Kun tashi kun tarar da Babanku Isuhu zaune a ƙofar gida yana yi wa kowa murmushi, yana tambayar mutanen da suka daɗe a kabari. An gaya muku asiri aka yi masa a Riyad, an ce Mamman na gidan Tela ne ya yi. Da wannan kuka girma, saboda shi kuka daina gaida mutumin. Yanzu Isuhu ya rasu, ni ma na kusa. Ba asiri ba ne. Ga yadda aka yi.

Isuhu ne ya kai ni Riyad. Ya girme ni da shekara tara, ya riga ni zuwa da shekara goma. Aikinmu gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a ƙarƙashin wani kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasar, mai ɗan shago a unguwar Malaz. Kwana kuma a unguwar Batha muke, hawa na huɗu na wani tsohon bene, mu uku a ɗaki ɗaya: ni, da shi, da Mamman, wanda yake jan motar shagon. Ni ban san ƙasan Riyad sosai ba, samanta na sani. Kullum muna kan rufin wani. Can sama babu kowa sai tankunan ruwa farare da tattabaru da wayoyi. Idan rana ta take, iska takan yi rawa a kan gine-gine, sai ka ga garin duka ya narke ya zama ruwa, dogayen benayen can nesa suna tsaye a ciki kamar ba su taɓa ƙasa ba. Wani lokaci ina riƙe da sufana sai in manta abin da nake kwancewa. Har yau idan na tuna shekarun nan, ba na tuna su kamar abin da na yi. Ina tuna su kamar abin da na hango daga nesa, cikin wannan rawar iska.

A shekara ta shida da zuwana Isuhu ya fara ramewa. Ya sha ruwa kamar raƙumi, ya yi ta zirga-zirgar banɗaki. Aka auna shi aka ce ciwon suga ne. Aka ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi farare, ɗaya kowace safiya kafin abinci. Likitan ya yi masa dogon bayani, rabi Larabci rabi Turanci. Ni ina bakin ƙofa, kalma biyu na kama: sukkar mamnu. An hana suga. Akwai takarda a cikin kwalin maganin, mai ƙananan rubutu gaba da baya. Da ita muka nannaɗe ƙusoshi.

Da na kira gida, Inna ta ce a ba ni wayar ni kaɗai.

"Shaibu, yayanka ba ya jin magana a kan ciki. Tun yana yaro haka yake. Na sa shi a hannunka."

"To, Inna."

Ni idan an sa abu a hannuna ba na saki. Na sami wani gwangwanin madara babba, na huda shi na sa masa kwaɗo. Suga da dabino da duk wani abu mai zaƙi na ɗakin suka koma ciki, makullin yana wuyana da zare. Mamman ma sai ya roƙe ni kafin ya sha shayi.

"Shaibu, ko kafil bai riƙe fasfo yadda ka riƙe makullin nan ba."

"Cokali nawa?"

"Uku."

"Biyu."

"Ni lafiyata ƙalau fa. Yaya Isuhu, ka ga ciwonka ya kama ni ta gefe."

Isuhu yakan yi dariya ya kurɓi nasa shayin mai ɗaci. Wata rana ina wanke masa rigar aiki na sami alewa uku a aljihu. Na kai masa a tafin hannu.

"Likita ne ya ce in riƙa yawo da ita," in ji shi. "Ya ce in na ji jikina yana rawa in sha."

"Ba a haifi likitan da zai ce mai ciwon suga ya sha alewa ba."

"Wallahi shi ya ce."

"Yaya, da girmanka."

Na jefa su ta taga. Ya dube ni kawai, ya juya ya ci gaba da naɗe wayar da ke hannunsa.

Yanzu maganar da ba ku sani ba. Ciwon ya sauka masa a ƙafa. Ya ce tafin ƙafarsa kamar ya taka garwashi, ba ya samun barci. Wani da muke haɗuwa da shi wajen aiki, ba zan faɗi sunansa ko ƙasarsa ba, ya ba shi wani abu a robar ruwa. Fari ne tas, ba ka bambanta shi da ruwan sha sai ka buɗe. Sadiki suke ce masa. Giya ce da ake dafawa a ɓoye da suga, domin a ƙasar nan wanda aka kama da ita ya gama zama. Isuhu ya ɓoye robar a kan rufinmu, cikin kwankwason wani mataccen mukayyif. Ni na je neman ƙarfe na same ta. Na buɗe, na shinshina, na rufe. Da na juya yana tsaye bayana.

"Yaya, wannan fa?"

"Ka gani?"

"Na gani."

"To, ka gani."

Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan. Za ku ce don me na hana shi dabino ban hana shi wannan ba. Suga ciwo ne, kuma Inna ta ba ni izini a kansa. Giya abin kunya ne, ƙane kuwa ba ya buɗe kunyar wansa, ko da su biyu ne kaɗai. Haka aka rene mu. Na mayar da robar inda take, na daidaita murfin ƙarfen.

Ranar Juma'a kawai yake sha, ranar hutu, bayan an sauko daga masallaci an ci abinci. Yakan hau sama ya zauna a inuwar tanki. Ni ma sai in bi shi, wai don kada ya faɗo. Gaskiya ina son waɗannan Juma'o'in. Isuhu mutum ne mai shiru kamar ni, amma idan ya kurɓa biyu uku sai bakinsa ya buɗe. Yakan nuna rawar iskar nan da ke kan rufin Batha ya ce Gulbin garinmu Maradi ne ya kawo ruwa. Ya ce ga fadamar Baba can wajen unguwar Dira, ga rijiyar, ga tumatir ya nuna ba a tsinka ba. Tankunan ruwa su ne shanunmu, yana kiran su da suna, Fari da Gajere da wadda kura ta ciza a gindi. Yana faɗa a hankali, ido a lumshe, ƙafafunsa a miƙe ba sa yi masa zafi. Ni da ban sha komai ba sai in fara gani. In ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a garin da ba a yi ruwa ba wata bakwai. Ƙarar motocin ƙasa ta koma kamar ruwa yana bin yashi. Mukan zauna haka har a kira la'asar, sai shanun su koma tankuna.

Juma'ar da abin ya faru, tsakiyar zafi ce. Ya sha ƙwayarsa da safe da shayi, ya ce ba ya jin cin komai. Bayan masallaci Mamman ya tafi sayo mana shinkafa da kaza, ya haɗu da 'yan garinmu a hanya ya zauna hira. Isuhu ya gaji da jira ya hau sama da cikinsa wayam. Ni na tsaya wanki. Wajen la'asar na ji yana saukowa, yana dafa bango. Ya shigo rigarsa sharkaf kamar an zuba masa bokiti, hannunsa yana karkarwa, leɓensa ya yi fari. Mamman bai daɗe da dawowa ba, na haɗa masa shayi, yana buɗe ledar abinci.

"Yau Yaya ya yi nisa," in ji Mamman. "Ina jin ya wuce Gulbi ya kai Tasawa."

Isuhu bai kalle shi ba. Ni ya nufo. Harshensa ya yi nauyi.

"Shaibu, ba ni dabino."

"Babu."

"Ɗaya."

"Ka sha abin da aka dafa da suga, yanzu kuma dabino? Zauna."

Ya kai hannu wuyana wajen zaren. Bai taɓa yi ba. Na riƙe hannun, yana da sanyi kamar bututun mukayyif. Ya juya ya hango kofin shayin Mamman, mai cokali biyu, ya miƙa hannu. Na riga shi, na ɗauke na zubar a kwatami. Na tura masa shinkafa, ya ɗebo loma ta zube kafin ta kai baki. Ya zauna a ƙasa yana kallon hannunsa kamar na wani.

Ga lissafin da kaina ya yi, ku ji shi yadda yake. Ciwonsa suga ne. Abin da ya sha da suga ake yi. To suga ya hau, shi ya sa yake neman ƙari, kamar yadda mashayi ke neman ƙari. Maganin hawan suga kuma yana cikin kwali a kan taga. Na ɓare ƙwaya ɗaya, na ɗebo ruwa, na durƙusa gabansa.

"Buɗe baki, Yaya."

Ya girgiza kai.

"Inna ta sa ka a hannuna. Buɗe."

Da ya ji sunan Inna sai ya buɗe. Na riƙe masa haɓa har ya haɗiye. Muka kwantar da shi a katifa, muka rufa masa zane, muka ƙara sanyin ɗakin. Mamman ya ce barci ne maganinsa, haka ake yi wa wanda ya bugu. Muka ci shinkafarmu, muka rufe tasa da faranti. Na idar da wankina. Ina shanya a taga, ina jin sa yana magana ƙasa-ƙasa, wai a kore shanu daga tumatir. Daga nan ya yi shiru. Daga nan ya fara wani minshari da ban taɓa ji ba, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Na ce a raina magani ya fara aiki.

Rana ta yi ja kafin na je tada shi don kada magariba ta wuce shi. Na taɓa shi, bai motsa ba. Na ɗaga zanen, ya yi fitsari a kwance. Idonsa a buɗe rabi, ba kowa a ciki. Na kira sunansa na gaskiya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Shiru.

"A kira motar asibiti," na ce.

Mamman ya tashi ya rufe ƙofa. "Ka shinshina bakinsa tukuna. Idan suka zo suka ji wannan, ba shi kaɗai ba ne, mu uku ne. Iƙama, takardar zamanmu, ta tafi, aiki ya tafi, kuma sai labari ya riga mu isa gida. Mu zuba masa ruwa, mu ba shi awa ɗaya."

Ba mugunta ba ce. Tsoro ne, kuma ni ma ina da irinsa. Muka zuba masa ruwa. Bai ko ƙifta ba.

Akwai wata Hajiya Binta, mutuniyar Zariya, ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune a Malaz da mijinta. Na sha gyara musu mukayyif, takan ba ni tuwo a roba in tafi da shi. Lambarta tana wayata, na gane ta da hoton fulawa da ta sa. Na kira. Na gaya mata yayana mai suga ya kwanta ya ƙi tashi.

"Ya ci abinci yau?"

"A'a."

"Ya sha maganinsa?"

"Ya sha da safe."

"Malam Shaibu, ka gaya mini gaskiya, ba ni da lokaci. Akwai wani abin da ya sha?"

Na dubi Mamman. Na ce, "Akwai."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi wa'azi ba. "Kafin ya kwanta ya yi gumi? Ya nemi abu mai zaƙi?"

"Ya nema."

"Kun ba shi?"

"Na ƙara masa ƙwaya."

Muryarta ta sauka ƙasa.

"Kada ka ɗura masa komai yanzu, zai shaƙe. Ka juya shi ta gefe. Faɗa mini inda kuke, ni zan kira motar."

Mamman yana tsaye gabana yana girgiza kai, ya haɗa tafukansa biyu yana roƙona. Na san abin da zan zubar idan na buɗe baki: shekara goma sha shida na Isuhu, shida nawa, da na Mamman wanda ko ɗanɗana abin bai taɓa yi ba. Na dubi ƙafafun Isuhu da suka fito daga zane, duk faso. Na faɗa mata layin, da shagon canjin kuɗi da ke kusurwa, da launin ƙofarmu.

Mamman ya sauke hannunsa. Ya ce, "Halas, shi ke nan." Ya cire takalmi, ya durƙusa ya ce in ɗora masa shi. Motar ba za ta iya shiga lungunmu ba. Shi ya goya Isuhu hawa huɗu, ya ratsa da shi cikin cunkoson Batha na yammacin Juma'a, mutanen ƙasashe goma suna buɗe masa hanya, ni ina biye riƙe da kan. Ku riƙe wannan. Mutumin da ba ku gaisarwa ke nan.

A asibiti suka soki yatsarsa, suka dubi ɗan injin, sai kowa ya fara sauri. Suka rataya wata jaka suka sa masa a jijiya. Hajiya Binta ta iso da mijinta, ta same ni a baranda. Na tambaye ta mene ne a jakar.

"Ruwan suga ne."

Na ce ta sake faɗa.

"Ruwan suga. Ba hawa ya yi ba, faɗuwa ya yi. Ƙwayar nan aikinta ta sauke suga, ko an ci abinci ko ba a ci ba. In ya sauka da yawa, hanta ce ke sako wanda ta ajiye. To giya tana riƙe hanta, ba ta sakowa. Ga ciki babu komai. Kuma mai wannan hali kamar bugagge yake, shi ya sa ake barin su su yi barci. Ƙwaƙwalwa kuwa da suga take rayuwa, Malam Shaibu. In ta daɗe babu, wani abin ba ya dawowa."

"Da na ba shi dabinon fa?"

Ta dubi mijinta, ta dube ni. Mace ce mai gaskiya.

"Da wataƙila yanzu yana zaune yana cin shinkafarsa."

Ban yi kuka ba. Na ciro zaren daga wuyana na sa a kwandon shara na barandar, na koma na zauna.

Abin da muke tsoro bai zo yadda muka zata ba. Ba wanda ya zo kama mu. Ban san abin da aka rubuta a takarda ba, ban tambaya ba. Amma kafil ya ji. Ya ce mutumin da ba zai iya hawa tsani ba, ba shi da abin yi da shi, ya buga masa huruj, wato fita ba dawowa. Ni ya ce in zauna in ina so. Na ce Isuhu bai san hanyar banɗaki ba, balle ta Maradi. Na bi shi. Mamman ya zauna, aka ba shi akwatin kayan aikin Isuhu, ya koyi gyaran, bayan shekaru ya dawo ya gina gida. Mutane suka ga wanda ya tafi da hankali ya dawo babu, suka ga wanda ya gaje kayansa ya yi arziki, suka haɗa. Inna ta tambaye ni sau ɗaya ko gaskiya ne. Na ce Allah ne masani. Da wannan kalma na sayar da Mamman, don in rufe yayana in rufe kaina. Mun haɗu da shi a wata jana'iza, na ja shi gefe na ce zan faɗa.

"Bar su, Shaibu," in ji shi. "Tunda aka ce ina da asiri ba wanda ya sake shigar mini gona. Ka bari sai bayan ransa."

Yana dariya ya faɗa, amma bai ƙara zuwa suna ko biki a gidanmu ba.

Saura abu ɗaya. Isuhu ya yi kwana huɗu bai farka ba. A na biyar da hantsi ina zaune gefen gadon, rana ta shigo ta labule ta kwanta masa a ƙirji, sai ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon silin. Ya juyo ya dube ni, fuskarsa ta yi laushi kamar ta mutumin da ya yi barci mai daɗi a gona. Ya gane ni. Riyad ce bai gane ba, kuma bai sake gane ta ba har ya mutu.

"Shaibu. An shayar da Fari?"

"An shayar, Yaya."

"Baba ya dawo daga fadama?"

"Yana hanya."

Ya dubi jakar da ke rataye, ya bi igiyar da ido har hannunsa.

"Rashin lafiya na yi?"

"Ka yi."

"Wa ya kula da ni?"

Ya lalubo hannuna ya riƙe, wannan hannun dai da na riƙe masa haɓa.

"Kai ne. Na sani. Kai ba ka sakaci." Ya lumshe ido. "Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin. Shekara goma sha ɗaya yana sa mini wannan albarka kowace safiya idan na kawo masa kunu, ni kuma ina cewa amin.